Jikana Ya Ƙi Kunun Gidana

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka daga Madarunfa. Ni ne tsoho Idi. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta mani.

Tun kakanni, gidan dangin uba ake kai yaro yaye. Aka kawo jikana Sani, na ce kunun gero zalla za a ba shi, haka aka yaye mu. Kwana huɗu yana furzarwa, har ya rame. Uwarsa ta kai shi ƙauyen Safo wajen ubanta. Can suka sa masa garin ƙuli-ƙuli a kunun, ya shanye ƙwarya guda! Yanzu wai tsohon can ne Sani yake kira Kaka.

Na gode Allah ya murmure, amma raina na ƙuna. Masu sauraro, yaya zan yi in maido jikana ba tare da na ce na yi kuskure ba?