Kun wanke ni a gaban Kawu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ɗaliba ce daga unguwar Biafra, Treichville.

Tunda aka fara shari'ar tsige shugaban ƙasar wajen nan da kuke ba da labarinsa, ni ke fassara wa Baba da Kawu jaridar Faransanci. Baba yana so a kira shaidu, Kawu ba ya so. Da na karanta cewa littafin tsohon mashawarcin shugaban ya fita a ɓoye ya tona asiri, Kawu ya ce, "Ƙari kike yi don babanki!" Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ranar Asabar kuka faɗi haka da Hausa a shirinku na rediyo. Da Kawu ya ji, sai ya ce, "Ashe yarinyar ba ta ƙarya."

Na gode ƙwarai. A gaishe mini da Kawu, na san yana saurare.