Sai Kuma Me Ya Faru, Kaka?

A tashar jifni, motocin haya na birnin Iloilo, muna jiran mota ta cika, wata tsohuwa tana ta bitar wata takarda. Wani dattijo da ke gefenta ya leƙa, ya ji tana maimaitawa:

"Nadaba, nadabas, nadaba, nadábamos…"

"Manang," ya ce, wato Yaya, "Sifaniyanci da wannan furfurar? Shekara biyu aka tilasta mana rera shi a kwaleji, yau ko gaisuwa ban iya ba."

"Kai don jarrabawa ka yi, Manong. Ni jikata Nerea a Madrid aka haife ta, ba ta jin yarenmu. Shekara shida muna ɗaga wa juna hannu a waya kamar masu tsayar da mota."

"To ki koyi 'ina kwana' mana, ki huta."

"Ni labarin ƙuruciyata nake son ba ta. Ka cire wutsiyar kalma, ka liƙa mata 'aba', shi ke nan ka koma zamanin da. Jiya na gaya mata ina yarinya mukan yi iyo a kogi, innarmu tana bin mu da silifa."

"Ta gane?"

"Har gyara ta yi mini sau biyu, ja'ira. Sannan ta ce, 'Sai kuma me ya faru, Kaka?' Uwarta ta zo karɓar waya, ta hana."

Dattijon ya sake leƙa takardar.

"Ni ma jikokina biyu suna Barcelona," ya ce. "Wutsiyar kika ce a cire?"

Ta shimfiɗa takardar a gwiwarsa.

"Matso, ɗan kwaleji. Me ka saba yi kana yaro?"