Kallon da ya tuna wa Inna Kulu ƙauyensu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Balkisu ce daga Goronyo.

Ran Juma'a da la'asar muna kallon fim ɗin nan na sarakuna da dodanni, ni da maƙwabciyarmu Inna Kulu, wadda 'yan bindiga sunka koro daga ƙauyensu. Sai aka nuno mahaya suna ƙone wani gari, suna sarar mutane. Inna ta miƙe, ta ce, "Ɗiyata, kashe shi. Haka sunka yi muna."

Na kashe, na riƙe hannunta. Ashe a harin ƙauyen nasu ta rasa mijinta, ba ta taɓa faɗi ba sai ran nan.

Kwana uku ke nan ba ta leƙo mu ba. Masu sauraro, in na je gaishe ta, mi zan ce mata?