Shaidar da Aka Bayar a Dabai

Mata biyu, ɗaya dattijuwa, na zaune a wurin jiran gwajin jini a wani asibiti a Zuru.

"'Yata, ke ma ciwon suga ne?" in ji dattijuwar.

"Shi ne, Mama. Da cikin autana ya zo, da na haihu ya tafi. Nas ta ce in riƙa gwaji duk shekara, ban koma ba. A taron zumuntar matan coci na Dabai na ba da shaida cewa na warke har abada. Yanzu tururuwa ke bin fitsarina."

Dattijuwar ta sunkuyar da kai.

"Ashe ke ce. Ina wurin ranar. 'Yata Rifkatu ma da ciki ya kama ta. Da na ji shaidarki, ni na hana ta komawa gwajin. Ita na kawo yau, an ba ta gado."