Ruwan Zafi da Aljanun Hanya

A kasuwar garin Safi wani tsoho ya tsaya kallon baƙar gangar da Mubarak ya ɗaure a saman motarsa.

"Ɗan'uwa, fataucin man zaitun kake?"

"Wurin wanka na haɗa a cikin motar, Alhaji, zan kai yara bakin teku. Rana ta dafa ruwan, tiyo ya sauko da shi, yara su wanke gishirin teku."

"Ruwan ya fita ta ina?"

"Na huda ƙasan motar."

"Ruwan zafi, a ƙasar da ba ka san masu ita ba? Ka ƙona ɗan aljani, su biyo naka!"

Mubarak ya share gumi. "Haka surukata ta ce. Ta rantse jikokinta ba za su shiga ba. Na ce za mu yi bismillah."

"Ni ban yarda da camfi ba, amma ƙanena ma ya yi bismillah, har yau bakinsa a karkace yake."

"To in yi yaya? Na yi wa yara alkawari."

"Toshe ramin, ka tara ruwan a jarkoki, ka kawo gida ka zubar."

"Aljanun gidan fa?"

"Shekara nawa kuna wanka a kansu? Waɗannan ai sun saba."