Abin da Ya Raba Alhaji da Dalma

A shagon nama na High Point Road, wani dattijo ɗan Nijar ya dire ƙaramin buhu a benci. Mutumin da ke gefensa ya juyo.

"Alhaji, ɗan buhun nan da nauyi haka?"

"Ƙwayar ƙarfen tangistan ce, malam. Da hannuna nake cika harsashin babbar bindigata ta harbin dinya."

"A ƙauyenmu dalma maharba ke narkawa."

"Ni ma a da ita nake narkawa a garejin gidana. Wannan ta fi ta nauyi, sai dai albarushin da sikeli ake auna shi, ba da ido ba."

"To me ya raba ka da dalma?"

Dattijon ya dafa buhun.

"Jikata Ramlatou. Kullum a ƙarƙashin teburina take wasa. Da aka gwada jininta aka ga gubar dalma, sai likita ya tambayi sana'ar mutanen gidan."

"Subhanallahi. Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi. 'Yata ce dai shekara guda ke nan ba ta kawo mini ita ba. Na wanke garejin tas, na ce su zo Asabar."

"Za su zo?"

"Ta ce za ta gani."