Almakashin da Ke Kan Teburinmu a Majalisa

Mai girma shugaban taro, shugabar ƙungiyar mata masu ɗinki, dattawanmu da suka riga mu hawa keke, 'yan takararmu biyu, iyayen gida da yaransu, maƙwabtanmu na kasuwa da suka shigo saboda fanka, jama'a maza da mata, ina yi muku sallama.

Ina godiya ga hukumar kasuwa da ta ba mu aron ɗakin nan, ina kuma godiya gare ku da kuka rufe shaguna kuka zo. Na san abin da rufe shago yake nufi ga tela a makon komawa makaranta. Ina hango wasu can baya, tef a wuya, ƙafa ɗaya a waje. Ku yi haƙuri, ba zan daɗe ba, ni ma tsayuwar ba daɗi take yi mini ba.

Magana ta farko, zan sake faɗin abin da na faɗa har bakina ya gaji. Majalisu biyu ƙasar nan take da su. Akwai Majalisar Yankuna, wadda kuke ganin hotunan 'yan takararta a bango, kowace gunduma wakili ɗaya. Akwai kuma Majalisar Sana'o'i, mai kujera arba'in, kowace sana'a kujera ɗaya: manoma da masunta, magina da direbobi, malamai da mu teloli. 'Yan sana'a ne kaɗai suke zaɓen nasu, kuma babu dokar da take zama doka sai ta bi ta ɗakunan biyu. A ɗakin Majalisar Sana'o'i ba a rubuta sunan kowa a tebur. Kayan aikin sana'ar ake ajiyewa. Teburin magina cokalin gini ne a kai, na masunta ƙugiya. Namu almakashi ne, na maigidana wanda ya koya mini yanka, wakilinmu na farko.

Magana ta biyu ita ce ta tara mu. Doka ta ce sana'ar da rabin mutanenta ba su fito zaɓe ba sau biyu a jere, a ƙwace kujerarta a ba wata sana'a. Masu gyaran waya suna nan suna jira, kuma ban ga laifinsu ba. A zaɓen da ya wuce ba mu kai rabi ba. Sau ɗaya ke nan. Zaɓen ranar Asabar mai zuwa shi ne na biyu, kuma ya sake faɗowa a makon kayan makaranta.

Ban manta waccan ranar ba. Da ƙafata na bi layin teloli shago shago, ko'ina tulin yadi, ko'ina ƙarar keke. Wannan ya ce, "Baba, bari in ƙarasa wandon nan." Waccan ta ce, "Baba, ka ga maɓalli kawai ya rage." Na isa wurin ɗan ƙanwata, yaron da na ɗora a kan keke da hannuna, na ce ya tashi mu tafi. Ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Kawu, gobe da sassafe zan je, ba fashi." Jama'a, akwatin zaɓe ne fa ya ce wa ya dawo gobe! Ku yi dariyarku, ni ma na yi, amma ranar da aka karanta sakamako a zauren majalisa ban iya ɗaga kaina ba.

Magana ta uku, na ga yadda ake ƙwace kujera, ba labari aka ba ni ba. Wakilin masu gyaran agogo shi ne maƙwabcina a zama. Ranar da aka soke tasu, masinja ya zo ya ɗauki ɗan gilashin nan da suke maƙalawa a ido, ya sa a ambulan ya miƙa masa. Dattijon ya riƙe, ya juyo ya ce mini, "Tela, ta wace ƙofa ake fita?" Ƙofar wakilai kaɗai ya sani, ita kuma ta daina zama tasa. Ba a jima ba aka kawo dokar tashin tebura daga bakin tasha. Aka tambaya ko akwai mai magana, ɗaki ya yi tsit, aka wuce. Ku je bakin tasha yau ku nemi mai gyaran agogo.

To, mu ma akwai ƙudurin da yake jiranmu, wanda ya ce kayan makaranta duka kamfani ɗaya ne zai riƙa ɗinkawa. Sau biyu yana haurowa daga Majalisar Yankuna, sau biyu ina tsayawa a bayan almakashin nan ina roƙon manoma da direbobi su taya mu, har ya koma. Zai sake dawowa. Idan ya tarar ba kowa a teburin, wannan makon da yake hana ku fita zaɓe, daga bana kun huta da shi har abada.

Magana ta ƙarshe, ni na gaji. Na gaji da bayani, na gaji da roƙo, na gaji da bin mutanen da nake ƙauna ina tuna musu abin da yake nasu. Idona ma ya gaji, yanzu mai ɗakina ce take zura mini zare a allura. Doka ta ce wanda ba ya iya sana'ar da hannunsa ya sauka, kuma na yarda da ita. Ga 'yan takara biyu a gabanku, mace da namiji, duka na ga ɗinkinsu, ba wanda zai ba ku kunya. Ban ce ku zaɓi wane ba. Roƙona ɗaya ne, kada a miƙo mini almakashin maigidana a cikin ambulan.

Allah Ya sa wa sana'armu albarka, Ya ƙara wa idanunku haske da bayanku ƙarfi, Ya jiƙan waɗanda suka koya mana, Ya mayar da kowa shagonsa lafiya. Ranar Asabar kuma, duk wanda ya zo karɓar ɗinki, uba ne ko uwa, ko shugaban makaranta da kansa, ku dube shi ku ce ya dawo gobe. Wannan kam ba sai na koya muku ba.

Na gode.